Tsohuwar jitar feda: a yi mata sauye-sauye kafin a sayar, ko a bar ta yadda take?

"Assalamu alaikum Malam. Wata tsohuwar jitar feda ƙirar Sho-Bud ta zo hannuna ta hanyar gado. An rubuta Professional a gabanta, wuya biyu gare ta, kowanne da tsirkiya goma, tana da feda takwas da libar gwiwa biyu. Ni ba makaɗi ba ne, sayarwa nake son yi. Wani da ya gan ta ya ce liba biyu sun yi wa makaɗan yanzu kaɗan, in ƙara biyu ko uku, in sauya maɗaukan sautin saboda suna gunji, in sake fentin da ya dusashe, har ma ya ce in cire wuya ɗaya don ta rage nauyi. Shin waɗannan za su ɗaga kuɗinta, ko ɓarna zan yi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da kake tambaya shi ne ko kuɗin da za ka kashe a kan jitar zai dawo maka wajen ciniki, kuma shawarar da aka ba ka ta haɗa ayyuka huɗu waɗanda hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaya daga cikinsu yana da hujja mai ƙarfi, ɗaya ana iya warware shi idan an yi, biyu kuwa idan aka yi su an yi ke nan, babu komawa. Ra'ayina shi ne ka tsabtace ta, ka gyara abin da ya lalace har ta yi kiɗa daidai, sannan ka sayar da ita da siffarta ta asali, ka bar wa mai saye zaɓin duk wani ƙari.

Yadda aka yi ta fito da liba biyu

Wannan kayan kiɗa ya samo asali ne daga tsibiran Hawayi a ƙarshen ƙarni na 19, inda aka fara kwantar da jita a kan cinya ana jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta maimakon danna su da yatsu. Matsalar wannan salo ita ce ƙarfen miƙaƙƙe ne, don haka haɗin muryoyin da makaɗi zai iya fitarwa ya dogara ga yadda aka ɗaure tsirkiyoyin tun farko. Makaɗan Amurka sun fara magance wannan ta hanyar ƙara wuya na biyu da na uku, kowanne da nasa ɗaurin, daga baya aka kawo feda wadda ke ƙara wa wasu tsirkiyoyi tauri ko ta sassauta su. Paul Bigsby ya ƙera irin waɗannan a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1940, kuma a 1953 makaɗi Bud Isaacs ya taka feda alhali sautin yana cikin fita, aka ji murya tana zamewa zuwa wata a tsakiyar kiɗa, abin da ya ja hankalin makaɗan Nashbil, babban birnin jihar Tenesi, gaba ɗaya. Shot Jackson da Buddy Emmons suka kafa Sho-Bud a 1957 a jihar Tenesi, sannan Emmons ya haɗa hannu da Ron Lashley suka kafa kamfanin Emmons a 1963 a Karolina ta Arewa.

Daga nan har ƙarshen shekarun 1970 kayan bai zauna wuri ɗaya ba. Tsirkiya takwas ta koma goma, aka raba aikin feda ɗaya gida biyu, aka riƙa ƙara libar gwiwa, wato sandar da makaɗi ke turawa da gwiwa ta yi irin aikin feda, ɗaya bayan ɗaya yayin da makaɗa ke gano sababbin sauye-sauyen murya. Samfurin Professional na farkon shekarun 1970 ne, kuma a lokacin feda takwas da liba biyu abu ne da aka saba gani a kan mai wuya biyu. Saboda haka jitarka ba ta da naƙasa, haka zamaninta ya haife ta.

Wannan tarihi yana da tasiri a kasuwa ta fuska biyu. Da yake makaɗa sun saba ƙara wa jitocinsu kaya tun asali, masu saye ba sa ƙyamar ƙari mai tsabta kamar yadda masu tara tsofaffin jitocin hannu suke ƙyamar ko da sukuru ɗaya da aka sauya. Amma saboda wannan dalilin dai, wadda ta kai shekara hamsin ba a huda ta ba, ba a sake mata fenti ba, ta zama abin da ba a cika samu ba, kuma wannan ƙarancin shi ne babban abin da ke hannunka yanzu.

Batun ƙarin liba

A nan mai ba ka shawara ya fi kusa da gaskiya. Wuyan gaba, wanda ake ɗaurewa a tsarin E9, shi ne wanda aka fi kaɗawa, kuma feda uku na farko nasa ne. Ana kiran fedar uku A, B da C, kamar yadda muryoyin kiɗa ma da haruffa ake kiransu. Feda A tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga muryar B zuwa C#, feda B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, feda C kuma tana ɗaga ta 4 da ta 5. Sauran feda biyar ɗin na wuyan baya ne mai tsarin C6. A gwiwa kuwa, makaɗin yau yana sa ran samun liba mai ɗaga tsirkiyoyin E zuwa F, da wata mai saukar da su zuwa D#, da wata mai saukar da tsirkiya ta 2, da wata ta huɗu wadda aikinta ya bambanta daga makaɗi zuwa makaɗi. Yawancin darussan koyo na yanzu an gina su ne a kan feda uku da liba huɗu, don haka gaskiya ne cewa mai liba biyu tana rage yawan waɗanda za su neme ta.

Inda shawarar ta yi rauni shi ne babu wani tsari guda da kowa ya yarda da shi game da wace liba za ta zauna a wace gwiwa, kuma ta wane ɓangare za a tura ta. Ko jerin fedar ma iri biyu ne tun shekarun 1950: tsarin Emmons yana jera su A, B, C daga hagu, tsarin makaɗi Jimmy Day kuma yana juya su C, B, A. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin makaɗi yana karkata idon sawunsa ne a kan feda biyu yayin da gwiwar wannan ƙafar take tura liba, kuma idan aka sa libar a ɓangaren da ya saɓa wa karkatar ƙafar, haɗin da ake yi cikin sauƙi sai ya koma wahala. Wasu suna son libobin E duka biyu a gwiwar hagu, wasu suna raba su tsakanin gwiwoyi, dogon mutum yana son su can ciki, gajere yana son su kusa. Kai da ba ka kaɗawa, duk tsarin da ka zaɓa ƙiyasi ne kawai a kan jikin mutumin da ba ka taɓa gani ba.

A wurin aikina abin da na fi gani shi ne jita ta zo jim kaɗan bayan an saye ta, da sababbin liba da mai sayarwa ya sa don ya ƙawata ciniki, sabon mai ita kuma yana so a matsar da su. Idan na kwance maƙalan, sai ramukan sukuru su bayyana farare a jikin katakon da ya yi duhu da shekaru, wani lokacin huɗu ko shida a jere, kusa da inda zan huda nawa. Mai sayarwa ya biya, mai saye ya sake biya, katakon kuma ya tashi da huji ninki biyu.

Akwai kuma batun kayan aikin kansu. Professional tana da nata tsarin a ƙarƙashi: wasu faranta na ƙarfe masu ramuka da sandunan ja suke ratsawa, da 'yan gangunan tagulla a kan sandunan waɗanda faranti ke turawa idan an taka feda. Tsarin yana da nauyi kuma yana ɗan ƙara, amma yana da sauƙin sauya aiki, domin matsar da ganga ɗaya kan isa a canza abin da feda take yi. Kamfanin da ya ƙera waɗannan sassa ya daɗe da daina yin su, don haka sai dai a nemi tsofaffi da aka ciro daga wata jitar, ko waɗanda ƙananan maƙera suke kwaikwayo. Wanda bai same su ba yakan cusa sassan zamani, sai ƙarƙashin ya zama gauraye, rabi tsoho rabi sabo, kuma mai saye da ya san kaya da ya kifa ta zai gane. Idan ka haɗa kuɗin sassa da ladan gwani da kuɗin kai ta da dawo da ita, ga ta da nauyin da ya haura kilo talatin a cikin akwatinta, da wuya abin da zai ƙaru a kan farashi ya rufe abin da ka kashe. Mai saye yakan rage kimanin kuɗin liba biyu ne daga tayinsa, kuma wannan ragin ya fi maka sauƙi a kan ka ɗauki nauyin aikin da kanka.

Idan ka ci karo da liba na zamaninta, masu siffar ɗigon ruwa irin waɗanda ke jikinta, a farashin da bai yi tsanani ba, kana iya sayensu ka sa a jaka cikin akwatin ba tare da ka ɗaura ba. Wannan yana jan mai saye sosai, domin ka ɗauke masa wahalar nema kuma ka bar masa zaɓin wuri.

Maɗaukan sauti

Gunjin da kake ji ba lalle ne alamar lalacewa ba. Maɗaukan sauti su ne na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi masu mayar da kaɗawarsu lantarki. Na Sho-Bud na wancan lokaci masu naɗin waya ɗaya ne, kuma ɗabi'ar irinsu ce su kwaso ƙarar wutar lantarki daga fitilu da na'urorin da ke kusa. Kafin ka zarge su, ka gwada wata wayar haɗi, ka matsa zuwa wani ɗaki, ka duba ko wayar da ke haɗa jikin ƙarfen da ƙasa ta tsinke, ka kuma tsabtace makunnin da ke zaɓar wuya, domin datti a nan yana kawo ƙara da yankewar sauti. Mai gyaran lantarki zai iya auna kowane maɗauki da mita cikin minti kaɗan ya gaya maka ko naɗin yana nan lafiya.

Na zamani masu naɗi biyu suna kashe gunjin, amma suna sauya muryar, alhali wanda ke neman Sho-Bud ta shekarun 1970 muryar ce ta kawo shi, wato wannan ɗumi da kauri da ake ji a faya-fayen Nashbil na lokacin. Idan maɗauki ya mutu ƙwarai, gara a sake masa naɗi a cikin gidansa na asali. Idan kuma dole ta sa aka sauya, a zaɓi wanda zai shiga gurbin ba tare da an sassaƙe katako ba, a ajiye tsohon a akwati.

Fenti da cire wuya

Waɗannan biyun su ne inda garin neman gira ake rasa ido. Jikin jitarka katako ne mai ɗigo-ɗigon ido da aka rina aka shafe da fenti mai sheƙi, ga zaren ado da aka dasa a gefuna, ga tambarin kamfani a gaba. Dusashewar launi da 'yan siraran tsage-tsage a fuskar fentin abu ne da shekaru ke kawowa, kuma masu saye suna ɗaukarsu shaidar cewa ba a taɓa ta ba. Sake fenti yana nufin a kwance komai, wuya da macanjin sauti (injin da ke ja ko sassauta tsirkiyoyi idan an taka feda) da kowace sanda da kowane sukuru, a kankare katakon, a rasa tambarin asali, sannan a mayar da ɗaruruwan sassa inda suke. Mai fenti da ya iya fesa ba lalle ne ya iya mayar da wannan inji ba, kuma jitoci da yawa da suka iso mini a kwali, sassa a warwatse, daga irin wannan aikin suka fito. Ko an yi shi da kyau, sunanta ya koma wadda aka sake wa fenti, kuma wannan suna yana rage kuɗi. Sai idan ruwa ya shiga katakon ya kumbura, ko wani ya riga ya shafa mata fentin da bai dace ba, sannan maganar take da wurin zama.

Cire wuyan baya kuwa yana da asali a tarihin kamfanin. Makaɗi Lloyd Green ya sa an cire wa jitarsa wuyan C6 aka sa matashin ɗora hannu a gurbinsa, kuma daga nan Sho-Bud ta fitar da samfurin LDG a 1973. Amma idan ka yi wa taka haka, ba za ta zama LDG ba, kuma ta daina zama cikakkiyar Professional. Za ka kori duk mai son C6, ka bar ramuka a ƙarƙashin matashin, feda biyar su rasa aiki. Mai neman mara nauyi yana da jitocin zamani da yawa da zai zaɓa, ba zai zo wurin Sho-Bud ta wancan zamani ba tun farko.

Aikin da ya cancanci kuɗinka

Kafin ka taɓa komai, ka kifa ta a kan bargo ka ɗauki hotunan ƙarƙashinta daki-daki, yadda za a ga kowace sanda da ramin da ta bi. Abin da za ka tarar galibi shi ne tsohon mai da ya haɗu da ƙura ya daskare ya zama danƙo a mahaɗan ƙarfe, shi ne ke sa feda ta yi nauyi ko ta ƙi komawa. Ana narkar da shi da ɗan ruwan laita a kan tsumma ko ƙaramin buroshi, a bari ya bushe, sannan a ɗiga mai mara kauri irin na keken ɗinki, ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa. Ka guji feshin da ake kwance tsatsa da shi, domin yana barin saura da ke sake kama ƙura, kuma ka guji man goge kayan ɗaki mai silikon a kan fentin. Tsumma mai laushi ya isa katako, sassan alminiyam kuma a goge su da hannu, ba da inji ba.

Sai ka sa sababbin tsirkiyoyi na awon da ya dace da E9 da C6. A nan ka lura da tsirkiya ta 3 ta wuyan gaba, wadda ita ce mafi siranta kuma feda B tana ja ta kullum. Idan tana yawan tsinkewa a daidai inda ta hau kan ɗan yatsan macanji, wato guntun ƙarfe mai zagayayyen kai da ke jan ta, ka shafa farcenka a wurin, za ka ji ko tsirkiyar ta ci rami a ƙarfen. Ƙaramin rami gwani yana iya goge shi ba tare da ya ɓata zagayen ɗan yatsan ba, amma wanda bai saba ba yana iya baje wurin, sautin ya koma zizar da ba ta da magani sai sauya sashen. Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na komawa: a taka kowace feda, a tura kowace liba, a sake, a duba da na'urar saiti ko tsirkiyar ta koma daidai inda take. Jitar da ke komawa daidai ta fi mai sabon fenti daraja a idon makaɗi, kuma idan ba ta komawa, dalilin yakan zama datti, ko sifirin da ya gaji, ko gangar tagulla da ta cije, dukansu gyara ne mai sauƙi ga wanda ya san tsarin. Idan wani sashe ya karye, a maye shi da irinsa, a ajiye karyayyen.

Wannan ma'auni yana ɗan sauyawa da irin jitar. Da Bigsby ce, ko Emmons ta tsakiyar shekarun 1960, ko Sho-Bud ta farko wadda aka yi wa walda a kan tsari ɗaya, da na ce ko gogewa mai ƙarfi kada ka yi kafin masani ya gani, domin waɗannan masu tarawa ne ke nemansu. Sho-Bud na ƙarshen shekarun 1970 kuma suna da wasu sassa na ƙarfen zubi mai tutiya da ke karyewa, kuma maye su da alminiyam abu ne da masu saye suka yarda da shi. Samfurin Maverick na masu koyo ne, ƙara masa kaya asarar kuɗi ce. Taka tana tsakiya: makaɗa ne za su fi nemanta, amma makaɗan da suka san abin da suke so.

Wajen tallata ta, ka rubuta abin da kowace feda da kowace liba take yi wa kowace tsirkiya, ka nuna lambar kamfani da hotunan ƙarƙashi da duk wani tabo, ka faɗi abin da aka gyara. Idan ka samu makaɗi ya kaɗa ta a ɗan gajeren bidiyo yana taka fedar ɗaya bayan ɗaya, ya fi dogon bayani amfani. Wajen sa farashi kuma ka dubi abin da aka sayar da irinta a kwanan nan, ba abin da masu talla suke nema ba.

Duk wannan na faɗe shi ne ba tare da na ga jitar ba, kuma ƙarƙashinta na iya sauya wani ɓangare na maganata. Idan ka kifa ta ka ga tsofaffin ramuka da ke nuna an taɓa sa liba an cire, to mayar da su a waɗannan ramukan gyara ne, ba sauyi ba. Idan ka ga katakon ya tsage kusa da inda macanji ya zauna, ko wasu faranta sun ɓace, to gara ka sayar da ita ga mai gyara a matsayin wadda ke bukatar aiki, ka faɗi haka a fili, maimakon ka shiga aikin da ba ka san ƙarshen kuɗinsa ba. Idan kuma aikawa za ka yi zuwa nesa, ka cusa katako ko kumfa mai tauri a sashen akwatin da ƙafafu da sandar feda suke kwana, domin idan akwatin ya faɗi nauyin jitar yakan fasa katangar da ta raba sassan biyu, kuma ka cike duk wani sarari yadda ba za ta motsa a ciki ba ko an jijjiga.